Genius a Ma'auni: Shafin da Ke Yi wa Waƙa Sharhi Ɗango Bayan Ɗango

Duk wanda ya taɓa zama gaban malami a zaure da tsohon littafin fiƙihu a hannu ya san yadda shafinsa yake kasancewa: matani a tsakiya da manyan baƙaƙe, sannan gefe da gefe, har ma tsakanin layi da layi, an cika da ƙananan rubuce-rubucen waɗanda suka karanta littafin kafin ya iso hannunsa, wannan ya fassara kalma da ajami, wancan ya kawo maganar wani malami, wani kuma ya gyara kuskuren wanda ya gabace shi. Wannan siffa ce ta fara faɗo mini a rai ranar da na soma amfani da Genius, shafin intanet da manhajar waya da ke tattara baitocin waƙoƙin zamani tare da yi musu fashin baƙi. Bambancin shi ne matanin nan waƙa ce da aka yi a situdiyo, masu sharhin kuwa jama'ar gari ne daga ko'ina a duniya, kuma babu wanda ya tambaye su a gaban wa suka yi karatu. Na yi watanni ina buɗe shi a duk lokacin da wata waƙa ta gagare ni, kuma abin da nake so in auna a nan shi ne ko yana sa mutum ya ƙara jin waƙa da kyau.

Amfani da shi ba shi da wahala, kuma ba a biyan ko kwabo domin karatu. Mutum zai rubuta sunan waƙa ko na mawaƙi, ko ma ɗan guntun ɗangon da ya maƙale masa a ka, sai baitocin su bayyana a jere, an ware amshi daban, an kuma nuna wanda ya rera kowane ɓangare idan mawaƙan sun wuce ɗaya. Ɗangon da aka yi wa sharhi yana ɗauke da inuwa mai launin toka, wanda idan aka taɓa shi sai bayani ya buɗe, wani lokaci da hoto ko bidiyo ko mahaɗin da zai kai mai karatu ga hirar da aka ciro maganar. Idan inuwar koriya ce, to wanda aka tabbatar yana da hannu a waƙar ne ya yi bayanin da kansa. A saman shafin akwai taƙaitaccen bayani game da waƙar gaba ɗaya, a ƙasa kuma akwai tambayoyi da amsoshi, da jerin sunayen waɗanda suka yi aikin.

Asalin shafin yana bayyana ƙarfinsa da rauninsa a lokaci guda. Wasu matasa uku da suka yi karatu a Jami'ar Yale ta Amurka, wato Tom Lehman da Ilan Zechory da Mahbod Moghadam, su ne suka kafa shi a 2009, bayan wata tattaunawa da ta taso tsakaninsu kan ma'anar wani ɗango na mawaƙin gambara Cam'ron. Da sunan Rap Genius aka san shi a shekarunsa na farko, domin waƙar gambara kaɗai ya sa a gaba. A 2012 kamfanin zuba jari na Andreessen Horowitz ya saka masa dala miliyan 15, a 2014 kuma aka taƙaita sunan ya koma Genius, da burin a yi wa kowane irin rubutu sharhi, daga jawabin 'yan siyasa har zuwa labaran jaridu. Wannan babban buri bai kai inda aka so ba, sai shafin ya dawo kan waƙa, kuma a 2021 kamfanin MediaLab ya saye shi a kan dala miliyan 80. Har yau jininsa na gambara ne, kuma hanyar da yake bi wajen kallon kowace waƙa hanya ce ta mai sauraron gambara, wanda ya ɗauki kalma a matsayin uwa, kiɗa kuwa ɗan rakiya.

A wannan fage nasa babu mai ja da shi. Waƙar gambara ta Amurka cike take da karin harshen unguwa, da sunayen tituna da na 'yan ƙwallon kwando, da kalmomi masu harshen damo, da kuma maganganun da ake jefa wa abokin hamayya ba tare da kama suna ba. Wanda ya iya Turanci irin na makaranta zai iya jin kowace kalma amma ya tashi bai san me aka ce ba. Rikicin da ya ɓarke a 2024 tsakanin Kendrick Lamar, ɗan Compton ta jihar Kalifoniya wanda ya samu lambar yabo ta Pulitzer a 2018, da Drake, ɗan Toronto ta Kanada, ya nuna amfanin shafin a fili. Waƙoƙin martani sun riƙa fitowa a jere cikin watannin Afrilu da Mayu, har akwai daren da tazarar da ke tsakanin waƙar ɗaya da amsar ɗayan ba ta kai awa guda ba, kuma kusan kowane ɗango yana nuni ga wani tsohon zance, ko wani ɗan uwa, ko wata yarjejeniyar kasuwanci. Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan fasaha, domin zambo da habaici su ne gishirin waƙar fada tun zamanin kotso da taushi, kuma ya san cewa habaici ba ya tasiri sai ga wanda ya san labarin da ke ƙarƙashinsa. Abin da dattijon fada yake yi wa yaro idan ya raɗa masa cewa da wane ɗan sarki ake a wannan ɗan waƙa, shi Genius yake yi wa wanda ke zaune a Kano ko Zinder yana sauraron faɗan mutanen da bai taɓa taka garinsu ba.

Sai dai ɓangaren da na fi amfana da shi ba ya cikin abin da ake yawan yabon shafin a kansa, wato jerin sunayen da ke can ƙasa. A nan ake rubuta wanda ya tsara baitoci, da wanda ya haɗa kiɗa, da injiniyan da ya tace sauti, da ranar da waƙar ta fito, da kuma tsofaffin waƙoƙin da aka gutsuro wani abu daga cikinsu aka ɗora sabuwar a kai. Kowane suna ƙofa ce da ake iya buɗewa. Idan mutum ya bi sunan mai haɗa kiɗa guda ɗaya ya saurari aikinsa da mawaƙa biyar mabambanta, sai kunnensa ya fara rarrabe abin da yake na mawaƙi da abin da yake na mai kiɗa, wanda kuwa darasi ne da babu sharhin baiti da zai koyar da shi. Haka nan bin sawun aron kiɗa yana mayar da mutum baya shekaru masu yawa. Akwai wani ɗan gajeren bugun ganga da Clyde Stubblefield, makaɗin mawaƙin Amurka James Brown, ya yi a situdiyo a 1969, wanda daga baya aka ɗora ɗaruruwan waƙoƙi a kansa, kuma duk wanda ya ji shi a asalinsa sau ɗaya zai riƙa gane shi a wuraren da bai taɓa zato ba.

Matsalar tana farawa ne daga tambayar su wane ne masu sharhin. Kowa yana iya buɗe asusu ya rubuta abin da ya fahimta, shafin kuma yana saka wa masu rubutu da maki da ake kira IQ, wanda ke ƙaruwa idan aka karɓi sharhin mutum ko wasu suka nuna sun gamsu da shi. Akwai editoci na sa kai da ke dubawa su karɓa ko su gyara ko su goge, kuma sharhin da ba a riga an duba ba yana ɗauke da gargaɗin haka. Tsarin yana aiki sosai a kan waƙar da dubban idanu ke kallo, amma yana da wata illa da ke tattare da ginin kansa: tun da ana samun maki ne idan an yi bayani, sai ya zama babu ɗangon da ake bari ya huta. Mawaƙi zai faɗi magana miƙaƙƙiya wadda yaro ma zai gane, sai a tarar an jingina mata ma'ana uku, an haɗa lissafin baƙaƙen wata kalma da ranar haihuwar wani, an kawo wata aya daga Baibul da babu alamar mawaƙin ya yi tunaninta. A wani wurin kuma sharhin maimaita ɗangon ne kawai da wasu kalmomi. Ɗalibin adabi ya san cewa nazari yana da ladabi, kuma daga cikin ladabinsa akwai sanin inda mawaƙi ya sa kalma don kawai ta cika masa kari ko ta daidaita masa amsa-amo. Wannan sanin yana da wuyar samu a inda yin shiru ba ya kawo maki.

Za a iya cewa maganin wannan shi ne a tambayi mai waƙar, kuma Genius ya yi ƙoƙari a nan. Manyan mawaƙa irin su Nas da Eminem sun taɓa yi wa baitocinsu sharhi a shafin, kuma tun 2016 ake yin wani shirin bidiyo mai suna Verified, inda mawaƙi ke zama a gaban bango mai ruwan ɗorawa yana karanta baitocinsa ba tare da kiɗa ba, yana bayyana abin da ya sa ya faɗe su. Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma gaskiya ne cewa akwai labaran da babu mai saninsu sai shi, kamar wurin da aka rubuta waƙar da wanda aka yi dominsa. Amma daɗi daban, hukunci daban. Mawaƙin da ya zo irin wannan shiri yana tallata sabuwar waƙarsa ne, ba zai ce baiti na biyu ya yi rauni ba, ba kuma zai ce ya ɗauko salon daga wani ba sai idan hakan zai ƙara masa daraja. Wani lokaci ma, da zarar an cire kiɗan aka bar kalmomin tsirara, sai mai kallo ya gane cewa abin da ya ja shi ga waƙar tun farko ba ya cikin kalmomin ko kaɗan.

Nan ne babban saɓanina da shafin yake. Waƙa aba ce da ake ji a cikin lokaci, tana tafiya ba ta jiran kowa, kuma ma'anarta tana rarrabe tsakanin kalma da murya da kiɗa da kuma shirun da ke tsakaninsu. Masana waƙar baka a jami'o'inmu, irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ta Kano, ba sa tsayawa kan jigo da adon harshe kawai, suna duba rauji, wato karin muryar waƙa, da yadda jagora ke miƙa wa 'yan amshi, da yadda suke karɓa ko su ƙara, da inda ake komawa gindin waƙa, da kuma abin da kayan kiɗan ke faɗa da bakinsu. Waƙar zamani ma haka take. Wurin da aka janye ganga gaba ɗaya kafin amshi ya faɗo, da yadda mawaƙiya ke jinkirta kalma ta sauka a bayan bugu, da muryar da aka ninka sau uku don ta cika kunne, da amon ƙasa, wato sautin kiɗa mai kauri, da ke sauya hanya alhali baitin bai sauya ba, duk waɗannan maganganu ne, kuma sau da yawa su ne ke ƙaryata abin da baitin ke cewa. Akwai waƙoƙin rabuwa da aka ɗora a kan kiɗan rawa, wanda ya karanta baitocin kaɗai zai ce kuka ake yi, wanda ya ji kiɗan kaɗai zai ce biki ake yi, alhali fasahar tana cikin karon da biyun suka yi. Genius ba shi da wurin da zai rataya irin wannan bayani, domin ƙugiyarsa ɗango ce, abin da ba a rubuta ba kuwa ba a iya yi masa inuwa mai launin toka. Illar da ta fi wannan ita ce ta ɗabi'a: wanda ya saba buɗe shafin tun a jin farko yana mayar da waƙa jarrabawar fahimta, idonsa yana gaba kunnensa yana biye, kuma ra'ayin wani yana shiga kansa kafin nasa ya tsiro.

Adalci ne a ambaci cewa kamfanin ya san da wannan giɓi, domin ya yi wani shirin bidiyo mai suna Deconstructed, inda masu haɗa kiɗa ke buɗe kwamfutarsu su nuna yadda aka gina waƙa sauti bayan sauti. A ganina wannan ne mafi kyawun abin da suka taɓa yi wa mai son zurfafa sauraro, sai dai waƙoƙin da suka samu wannan gata ba su taka kara sun karya ba idan aka kwatanta da tarin waɗanda ke shafin.

Da zarar an bar Turanci sai ƙasa ta fara zaftarewa. Waƙoƙin Afrobeats na manyan taurarin Legas suna nan da yawa, amma inda mawaƙi ya juya zuwa Yarabanci ko Ibo ko wani karin Burokan na unguwa, akan tarar da alamar tambaya a cikin baka, wadda ita ce hanyar shafin ta nuna cewa mai rubutawa bai ji abin da aka ce ba. Waƙoƙin Hausa kuwa kaɗan ne, kuma akasarin waɗanda ke akwai baitoci ne zalla babu sharhi. Ba na ɗora wa kamfanin laifin wannan, tun da rumbu ne da jama'a ke cikawa, kuma abin da ba mu zuba ba ba za mu ɗiba ba. Amma akwai wahalar da ta shafi harshen kansa, wadda duk mai niyyar wannan aiki ya kamata ya sani. Rubutunmu na boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, saboda haka gari na zama da gari na tuwo kamanninsu ɗaya a takarda, haka kuka na hawaye da kuka ta miya. Idan aka ƙara da sakacin barin baƙaƙe masu lanƙwasa, sai baki da baƙi su zama abu guda, kafa da ƙafa su rikice, alhali mawaƙin Hausa a kan irin waɗannan tagwayen kalmomi yake gina wasansa. Sannan ga karin harshe: Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Sakkwatanci suka yi waƙa, kuma mai kunnen Kananci yana iya gyara musu abin da ba kuskure ba ne, ya ɓata karin ya kuma ɓata ma'anar.

Akwai ma wani abu da ya fi wannan zurfi. Genius ya ginu ne a kan zaton cewa kowace waƙa tana da matani guda tabbatacce, wanda aka naɗa sau ɗaya aka saki. Wannan zato ya dace da waƙar situdiyo, har da ta matasanmu masu fiyano, amma bai dace da makaɗin baka ba. Mamman Shata, wanda Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku a kansa a Jami'ar Indiana a 1975, yana iya rera waƙa ɗaya a wurare uku ta fito da fuska uku, gindin yana nan amma ɗiyan sun sauya gwargwadon waɗanda ke zaune a wurin da abin da ya faru a ranar. Wanda zai sa irin wannan waƙa a shafin dole ya zaɓi naɗi guda ya ce shi ne waƙar, kuma daga nan ya riga ya yi hukuncin da mai waƙar bai yi ba.

Game da mallaka, akwai wani labari da ya cancanci a sani domin yana nuna matsayin shafin. A 2019 Genius ya zargi Google da kwashe baitocin waƙoƙin da aka saurara aka rubuta a shafinsa yana nuna su a sakamakon bincike. Hujjar da ya kawo ta ba da mamaki: ya riƙa cakuɗa ɗan waƙafin nan na sama, irin wanda muke sawa a kalmar sa'a, wani miƙaƙƙe wani lanƙwasasshe, bisa tsarin saƙon Morse, wanda ake rubuta haruffa da ɗigo da ɗan layi, ta yadda idan aka warware za a karanta kalmomin Turanci biyu masu ma'anar an kama mutum dumu-dumu. Ya kai ƙarar Google da kamfanin LyricFind da ke samar wa Google baitocin, yana neman dala miliyan 50, amma kotu ta kori ƙarar a 2020, Kotun Ƙoli ta Amurka kuma ta ƙi sauraron ɗaukaka ƙarar a 2023, saboda haƙƙin mallakar baitocin na mawaƙa ne da kamfanonin da ke wallafa musu. Abin da Genius yake taƙama da shi shi ne sharhin, wanda masu sa kai suka rubuta kyauta, kuɗin shigarsa kuma daga talla yake zuwa. Mai karatu zai ga alamar haka, domin tallace-tallacen suna da yawa, wasu na bidiyo ne, kuma wanda ke lissafin datarsa gara ya buɗe shafin lokacin da yake da buƙata ta gaske.

Yadda na daidaita da shi a yanzu shi ne ba na buɗe shi sai na ji waƙa sau uku. A jin farko ina barin ta ta wuce yadda ta zo. A na biyu ina sa abin sauraro a kunnuwa biyu in bi kayan kiɗa guda ɗaya tun daga farko har ƙarshe, yawanci ganga ko amon ƙasa, in lura da inda ya shiga da inda ya fita. A na uku ina rubuta abin da nake zaton an ce da abin da nake zaton ana nufi, ko da kuwa rabinsa kuskure ne. Bayan haka ne nake duba Genius, in fara da jerin sunayen da ke ƙasa, sannan in hau kan baitocin, in karanta sharhin da ya kawo hujja daga hira ko tarihi, in tsallake wanda ya fara da cewa wataƙila mawaƙin yana nufin kaza. Ga ɗalibin da ke koyon Turanci ta hanyar waƙa, da mai gabatar da shiri a rediyo da ke son sanin abin da zai saka wa jama'a kafin ya saka, da duk mai bibiyar gambarar Amurka, ina ba da shawarar shafin ba tare da jinkiri ba. Wanda kuwa yake son sanin dalilin da ya sa tsigar jikinsa ke tashi a daidai wurin da 'yan amshi suka karɓe wa jagora, sai ya mayar da waƙar baya daƙiƙa goma ya sake ji.